Yadda ake renon lagastromiya a zafin Birnin Kebbi

Duk wanda ya taɓa raya rumman ko lalle a tsakar gidansa zai iya raya bishiyar ado mai suna lagastromiya, domin a wurin masana tsirrai su ukun dangi ɗaya ne, kuma halinsu ya yi kusa. Suna son rana, ba sa son ruwa ya kwanta musu a gindi, in kuma sun kafu suna da haƙurin ƙishi. Ita dai wannan ba a cin 'ya'yanta, ba a ƙunshi da ganyenta. Don fure ake dasa ta, kuma furen ne ya sa nake ganin ta cancanci gurbi a gidajenmu na Birnin Kebbi, inda in ka cire dogon yaro da mangwaro da ɗan zogale a bayan ɗaki, da wuya ka ga an dasa wani abu. Ban raina dogon yaro ba, shi ya rufa wa garin nan asiri wajen inuwa. Amma gida mai ɗan ƙaramin fili, wanda aka zagaye da katanga aka haƙa masa sokawe, ba ya ɗaukar dogon yaro, ko ba daɗe ko ba jima saiwarsa za ta taɓa wani abu. Saiwar lagastromiya sirara ce, a sama-sama take yaɗuwa, ba a san ta da ɗaga daɓe ko tsaga gini ba.

Asalinta daga ƙasar Sin ne da maƙwabtanta na gabashin Asiya. Sunanta na kimiyya Lagerstroemia indica, wanda masanin tsirran nan na Suwidin, Linnaeus, ya raɗa mata a 1759 don karrama wani ɗan kasuwar ƙasarsu mai suna Magnus von Lagerström. Masu sayar da furanni a bakin titin Abuja da Kaduna sun fi saninta da crape myrtle ko Pride of India, da waɗannan sunaye za ka tambaya in ka je saye.

Furen yana fitowa ne zangarniya-zangarniya a ƙarshen reshe, tsawon kowace ya kai taƙi ko ya fi. In ka kamo guda ka duba da kyau, kowane fure ganye shida gare shi, kowane ganye a kan ɗan siririn wuya, bakinsa a yamutse kamar bakin mayafin da tela ya yi wa tattara, tsakiyarsa kuma zare-zare ne masu kai ruwan ɗorawa, inda ƙudan zuma ke taruwa da sassafe. Akwai ja, akwai fari, akwai ruwan hoda, akwai shunayya. Furannin zangarniya ɗaya ba sa buɗewa lokaci guda, wasu na zuba wasu na fashewa, shi ya sa bishiyar ke ɗaukar makonni masu yawa cikin ado. In ta manyanta kuma sai ɓawonta ya riƙa saɓulewa falle-falle, jikin ya fito sumul da dabbare-dabbaren toka-toka da ƙasa-ƙasa. Wannan saɓulewar halinta ce, ba cuta ba ce, kada wani ya ce maka ka shafa mata magani.

Abu biyu ne ba za ta ba ka ba, gara ka sani tun yanzu. Ba ta da inuwa mai kauri da za a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta da azahar. Sannan da hunturu takan zubar da ganye ta tsaya tsirara.

Wacce za ka saya

Iri biyu ne ke yawo a wuraren renon itatuwa na ƙasar nan, kuma sau da yawa mai sayarwa da suna ɗaya yake kiran su. Ta farko ita ce wadda na ambata, ƙarama, wadda kan tsaya tsakanin mita 3 zuwa 6, akwai ma gajerun da ba sa wuce ƙugun mutum. Ganyenta ƙanana ne, ba su fi tsawon ɗan yatsa ba. Ka kama sabon reshenta ka murza tsakanin yatsu biyu, za ka ji yana da kusurwa huɗu, yadda sabon reshen lalle da na rumman suke. Ta biyu ita ce Lagerstroemia speciosa, babbar bishiya ce da kan kai mita 15 ko fiye inda ta samu ruwa, ganyenta dogaye, sun kai tafin hannu ko sun wuce, furenta galibi shunayya ko ruwan hoda. Wannan ta harabar makaranta ce ko masallaci ko babban gida, kuma ta fi ƙaramar cin ruwa. Mutumin Yawuri ko Zuru, inda damina ke riga tamu sauka ta kuma fi tamu daɗewa, zai fi jin daɗinta. Ga mai tsakar gida a Badariya ko Gesse ko Bayan Kara, ƙaramar nake ba da shawara.

In da hali ka saya lokacin da take da fure a ledarta, ka ga launin da idonka. Ɗaga ledar ka leƙa ƙasanta. In saiwa ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizgo ta, wannan ta wahala kafin ma ta hau mota. Zaɓi mai tsawon gwiwa zuwa ƙugu, mai rassa biyu ko uku daga ƙasa, ganye kore shar ba tabo. Doguwa siririya da ta miƙe don neman haske a cunkoson 'yan'uwanta, bar musu abarsu.

Hanya ma tana kisa. Dashen da aka ɗora a bayan buɗaɗɗiyar mota daga Kaduna ko Abuja zuwa nan, iskar tafiya kaɗai ta isa ta ƙone masa ganye. A shayar da ita kafin a taso, a sa ta cikin kwali a cikin mota, ko a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. In ta iso kada ka dasa a ranar. Ajiye ta mako guda inda za ta samu hantsi ta tsira daga ranar azahar, ta saba da iskarmu tukuna.

Wuri da rami

Rana ita ce sharaɗi na farko. Tana bukatar aƙalla awa 6 na rana kai tsaye kowace rana, in ba haka ba sai ta yi ta ganye babu fure. Mu nan ba mu da ƙarancin rana, matsalarmu inda muke cusa dashe: ƙarƙashin mangwaro, ko lungu tsakanin ɗaki da katanga, wai don kada rana ta ƙone shi. Wani dattijo mai sayar da dashe ya taɓa faɗa mini magana ɗaya da ta wadatar: "Malam, wanga icce ba shi son inuwa, ba shi son tabki." In kana da zaɓi, wurin da ya buɗe ta gabas da sama, katanga kuma ta ɗan tare masa ranar la'asar, ya fi ko'ina. Ka bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakaninta da bango, mita 3 tsakanin wata da wata in bishiya kake so. Mai intalok ko daɓen siminti ya bar mata ƙasa tsirara faɗin mita guda ta kowane gefe, domin a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, daɓen nan gasa saiwa yake yi.

Ka guji inda magina suka kwaɓa siminti ko suka binne ɓaraguzan bulo, da inda ake zubar da toka. Lagastromiya ta fi son ƙasa mai ɗan tsami-tsami, su kuwa siminti da toka akasin haka suke mayar da ƙasa. Alamar ita ce sabon ganye ya fito fari-fari ko ruwan ɗorawa alhali jijiyoyinsa kore ne: sinadarin ƙarfe yana nan a ƙasar, amma saiwa ta kasa ɗaukarsa.

Lokacin dashe shi ne bayan ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, sa'ad da shukar gero ta kama. Hakan zai ba ta kusan wata uku tana shan ruwan sama tana kafa saiwa kafin a ɗauke a farkon Oktoba. Wanda ya dasa a ƙarshen Satumba ya ɗora wa kansa aikin da sama za ta yi masa kyauta.

Ramin ya fi bukatar faɗi a kan zurfi. Faɗinsa ya ninka na ledar sau biyu ko uku, zurfinsa kuwa daidai tsawon ledar. Kafin ka sa komai, cika shi da ruwa da yamma ka dawo da safe. In ya tsotse, madalla. In ruwan na nan kwance, ko dai laka ce irin ta bakin fadama, ko marmara ce a ƙasa. Marmara a fasa ta da diga har ruwa ya samu hanya. Laka kuwa sai a tara ƙasa a yi ɗan tudu mai tsawon taƙi guda a dasa a kansa. Mafi yawanmu dai jigawa gare mu, rairayi mai zarar da ruwa nan take, maganinsa ruɓaɓɓen taki: kashi ɗaya na taki, kashi uku na ƙasar da ka haƙo, a cakuɗa sosai. Na ce ruɓaɓɓe, wanda ya shekara ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, kuma gayyatar gara ne.

Tsaga ledar da reza ka zare ta gaba ɗaya. In saiwa ta naɗe kanta a gindin ledar, warware ta da yatsu, wadda ta ƙi ka yanke. Zaunar da dashen yadda saman ƙasar ledar zai yi daidai da saman ƙasar gidanka. Binne wuya yana daga cikin abin da ya fi kashe dashe a hankali, shekara guda ana ganin yana raye ba ya gaba. Mayar da ƙasa, danna da tafin hannu, yi mata 'yar kunya zagaye don ta riƙe ruwa, ka zuba bokiti guda a hankali.

A ranar za ka yi shinge, kada ka bari sai gobe. Akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin cikin minti biyar, kaji kuma su tone gindin. Ragar waya da turaku huɗu ta fi, ko bulo a jera da tazara don iska ta ratsa, ko ƙayar magarya in a waje ne. Yankakken duro na ƙarfe da wasu ke kifawa yana tare akuya, amma da bazara zafin da yake tarawa a ciki ya fi akuyar ɓarna.

Ranin farko

A nan ake cin nasara ko a faɗi. Littattafai suna cewa lagastromiya na jure fari, gaskiya ne, amma wadda ta shekara biyu ko uku a ƙasa suke nufi, kuma a ƙasashen da ba sa yin wata bakwai babu ɗigon ruwa. Tamu sai an taimaka mata.

Cikin damina ka shayar kawai in an yi kwana uku ko huɗu ba ruwa. Daga Oktoba, bokitin lita 10 zuwa 15 duk bayan kwana biyu. Da sanyi ya shigo ta zubar da ganye, rage zuwa sau biyu a mako. Daga Maris har saukar ruwa ka koma duk kwana biyu, in rairayinka mai yawa ne ma kullum, da sassafe ko bayan la'asar. Shayarwa mai nisa wadda ta ratsa ƙasa ta fi yayyafin kullum, domin yayyafi a sama yake tsayar da saiwa, inda rana ta fi dukanta. Tura yatsa cikin ƙasa: in gaɓa biyu a bushe suke, lokaci ya yi.

Ga wanda ke sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa, dabaru biyu suna rage kashe kuɗi. Na farko, ruwan alwala. Tawa ta farko kusa da inda muke alwala take, na ja 'yar hanya daga wurin zuwa bakin kunyarta, kuma ruwan da mutanen gida ke zubarwa sau biyar a yini yana ɗauke kusan rabin aikin. Ruwan wanke shinkafa da na ganye ma ya yi. Ruwan wanki mai omo da na wanke-wanke mai maiƙo kada su kusance ta, gishirin da ke cikinsu taruwa yake a ƙasa. Na biyu, tulu. Sami tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, binne shi har wuya kimanin taƙi ɗaya da rabi daga gindin bishiyar, cika shi da ruwa ka rufe bakin da murfi saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta samun rabonta. In ka tono gefensa bayan wata biyu za ka tarar fararen saiwoyi sun lulluɓe shi.

Rufe gindin ma yana riƙe laima. Allah ya hore mana buntun shinkafa a jihar nan, kusan duk inda injin casa yake a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega za ka tarar da shi tsibi-tsibi. Shimfiɗa kaurin yatsu uku zuwa huɗu, jiƙa shi don kada iska ta kwashe, ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin bishiyar. Ɓawon gyaɗa ma yana yi. Sai dai duk abin da ka shimfiɗa gara na sonsa, don haka nake cakuɗa shi da ganyen dogon yaro da dakakkun 'ya'yansa. Riƙa duba gindin da safe. In ka ga an yi wa kara rufin jar ƙasa, kankare shi nan take, janye buntun baya, ka ƙara ruwa. Gara ta fi afka wa dashen da ƙishi ya raunana.

Cikin Disamba ko Janairu ganyen zai canza launi ya zube. Wani maƙwabcina ya taɓa leƙowa ya ce, "Malam, iccen nan naka fa ya mutu, a tumɓuke a sa mangwaro." Na kira shi na ƙwarzani reshe da farce, ƙarƙashin ɓawon kore ne ɗanye. Barci take yi. Mutane da yawa a wannan gaɓar suke yanke ƙauna su daina ban ruwa, sai kuma ta mutu da gaske.

Taki ba ta bukatar mai yawa. Wata guda bayan dashe, cikin kwalin ashana biyu na NPK 15:15:15, a barbaɗa zagaye nesa da kara, a bi da ruwa. Babba kuwa cikin hannu ɗaya ko biyu a farkon damina, da kwandon ruɓaɓɓen taki sau ɗaya a shekara. Kusan kowane gida a nan akwai ragowar yuriya ta shinkafa, kuma hannu na ƙaiƙayin a watsa mata. Kada a yi. Yuriya za ta ba ka ganye kore shar da dogayen rassa masu laushi, fure kaɗan, darɓa kuma ta samu wurin zama.

Yanka

Abu ɗaya ne in ka riƙe shi ka fahimci yankan bishiyar nan gaba ɗaya: a kan sabon reshe take fure, wanda ya fito a wannan shekarar. Saboda haka lokacin yanka shi ne sa'ad da take tsirara, ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, kafin sabon toho. In ka yanke a Mayu ko Yuni bayan ta yi toho, furen shekarar ka zubar, ko aƙalla ka jinkirta shi.

Mun saba da yi wa dogon yaro kwalkwabo, a hau da adda a sare kansa gaba ɗaya, ya sake tofowa. Wannan ɗabi'ar ce nake roƙo kada a kawo wa lagastromiya. A kudancin Amurka, inda aka shigo da ita garin Charleston wajen 1790 ta kuma cika titunansu, malaman gona sun daɗe suna yaƙi da wannan saran kai. Dalilinsu a fili yake. In ka datse kauraran rassa a tsakiya, kowane kututture zai fitar da tsirarun tsumagu masu yawa, dogaye marasa ƙarfi. Zangarniyar fure ta yi musu nauyi, iskar hadarin farkon damina irin tamu ta zo ta lanƙwasa su ko ta ɓalle su. Wurin saran ya kumbura ya zama ƙulli, shekara bayan shekara yana ƙara muni, kyan jikin nan mai santsi da ya kamata ka gani da hunturu ya tafi. In tsawo kake gudu, tun farko sai ka sayi gajeren iri.

Ga yadda nake yi. Tun tana shekara ɗaya ko biyu nake zaɓen kara uku zuwa biyar masu ƙarfi da suka fito daga ƙasa, waɗanda suka buɗe waje ba sa gugar juna, in cire sauran daga tushe. Daga nan kowace shekara aikin kaɗan ne. Na fara daga ƙasa: duk tohon da ya fito a gindi in cire shi, tun yana ɗanye ma da hannu ake fizge shi, kowane wata ne. Sai ƙananan rassan da ke jikin kara daga ƙasa zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon bishiyar, don jikin ya bayyana. Sai in ja da baya in tsaya in dube ta. Busasshen reshe, wanda ya juya ya nufi ciki, biyu da suka gicciye suna gugar juna, waɗannan su ne masu tafiya. Abin da ake nema iska da haske su ratsa tsakiyarta. Kowane yanka a yi shi dab da inda reshen ya fito, a bar ɗan kumburin wuyansa, kada a bar guntu a tsaye, kada kuma a shafe har cikin naman kara. Almakashin yankan reshe mai kaifi ya fi, kauri kuma ƙaramin zarto. Adda tana tsaga itace ta bar rauni mai wuyar warkewa. Ba sai an shafa fenti ko baƙin mai a wurin ba.

Ka tuna duk wanda ya yi yanka a Fabrairu ya kira sabon toho a daidai shigowar bazara. In ka san ba ka da ruwan da za ka bi ta da shi a Maris da Afrilu, taƙaita yankan ga busassu da tohon gindi.

In zangarniyar farko ta gama, za ta bar ƙananan 'ya'ya kore masu tauri. A ƙaramar bishiya da hannu ke kaiwa, yanke zangarniyar daga saman ganye na farko da ke ƙarƙashinta. Ƙarfin da za ta kashe wajen ƙosar da iri sai ya koma sabon toho, ka samu fure zagaye na biyu kafin kaka, ko da bai kai na farko girma ba.

Darɓa da sauransu

Babbar mai damunta darɓa ce, 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ke maƙale a bayan ganye suna tsotsa. Suna fitar da ruwa mai danƙo da zaƙi, ya zubo kan ganyen ƙasa, baƙar fumfuna ta hau kansa har ganyen ya yi baƙi ƙirin. Mutane kan ɗauka baƙin ne cutar su yi ta wanke shi, alhali tushen yana bayan ganye. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a jikin kara, juya ganye ka duba, zaƙin nan suke bi. Tun suna kaɗan, watsa ruwa da ƙarfi ta ƙasan ganye ya isa. In sun yi yawa, daka rabin kilo na ƙwayar 'ya'yan dogon yaro, jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, tace da ƙyalle, narka ɗan sabulun salo a ciki, ka fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi, musamman bayan ganye. Maimaita bayan mako guda. Kada ka fesa kan buɗaɗɗen fure, kada kuma ka ɗauko maganin feshin gona mai ƙarfi a tsakar gidan da yara da kaji ke yawo.

Akwai kuma farar fumfuna da kan rufe sabon toho da ƙunshin fure har su kasa buɗewa. Ta fi kama wadda ke cikin inuwa ko cunkoso. Ita ce ta sa masu bincike a lambun itatuwa na gwamnatin Amurka da ke Washington, ƙarƙashin Donald Egolf, suka haɗa wannan iri da wani na Japan mai suna Lagerstroemia fauriei, suka fitar da irin da ke jure cutar, kamar Natchez mai farin fure da Muskogee mai shunayya, a 1978. In ka ci karo da mai sayarwa da ya tabbatar maka da ɗayansu, saya, amma ka ba su fili domin suna girma fiye da na gama-gari. In ba ka samu ba, rana da buɗe tsakiyar bishiya su ne rigakafin. Cikin marka kuma wasu ganyen ƙasa kan yi ɗigo-ɗigon baƙi su zube da wuri. Share su ka ƙone, bishiyar ba ta mutuwa da wannan.

Yadda za ka ninka ta

Da zarar ka mallaki guda, ba ka sake saye ba. Iri yana tsirowa, amma abin da ya fito ba lallai ya ɗauko launin uwar ba, don haka yankan reshe ya fi. Lokacinsa Yuli zuwa Agusta, sa'ad da iska ke da laima. Da sassafe ka zaɓi reshen bana wanda ya fara tauri, ya bar kore yana komawa ƙasa-ƙasa, wanda in ka lanƙwasa zai ɗan yi gardama. Yanka guntaye masu tsawon santimita 15 zuwa 20, kowanne da gaɓa uku ko huɗu, yankan ƙasa dab da ƙarƙashin gaɓa. Zage ganyen ƙasa ka bar biyu a sama, in akwai fure ko ƙunshinsa cire shi. Cika ledar fiya wata da yashi kashi biyu, ƙasa mai kyau kashi ɗaya, huda gindinta wuri uku ko huɗu. Yi rami da tsinke, soka rabin guntun, danna. Yanke gindin gorar ruwa ta roba ka kifa a kai don ta riƙe laima, ka jera su a inuwa mai haske, ƙarƙashin dogon yaro ya yi daidai. Ƙasar ta zauna da danshi, kada ta yi caɓa.

Cikin mako huɗu zuwa shida za su yi saiwa. Sabon ganye kaɗai ba shaida ba ce, reshe kan tofo da ƙarfin da ke jikinsa. Ja shi a hankali, in ya riƙe ƙasa ya kama. Daga nan cire gorar, ka riƙa matso da su rana kaɗan-kaɗan. Yi fiye da abin da kake bukata, domin ba duka ke kamawa ba. Tohon gindi da ya fito da 'yar saiwarsa ma ana iya raba shi da uwar da wuƙa mai kaifi a sa a leda.

Waɗannan ƙanana kada ka kai su ƙasa a ƙarshen damina. Mayar da su babbar leda ko tsohon bokiti mai huda, su yi rani a inda za ka iya lura da su, inda hantsi ke samunsu, ka dasa a Yuli mai zuwa. In kana da launi fiye da ɗaya, ɗaura wa kowace leda zare mai launin furen uwarta tun ranar yanka, domin da hunturu ya zubar da ganye ba mai iya bambance ja da fara. Wasu za su yi yunƙurin fure tun suna cikin leda, tsinke wannan zangarniyar ta farko don ƙarfin ya tafi ga saiwa.